Kirikirin Isiyaku Gadina

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Isiyaku Gadina hannu da damina ya san irin wulaƙancin da zan faɗa. Ka taso takanas ka zo gaishe shi, ka yi sallama, ka miƙa hannu kamar yadda kowane Musulmi ke yi, sai ya mayar da nasa hannuwan baya, ya tsura maka ido, ya tambaye ka yaushe rabonka da feshi. Idan ka ce jiya, ya nuna maka buta da sabulu a bakin zaure. Idan ka ce ba ka taɓa riƙe injin feshi ba a rayuwarka, ya ce ai ka gaisa da waɗanda suka riƙe, ga buta can. Liman bai tsira ba, mai unguwa bai tsira ba. Mijin 'yarsa da ya zo daga Safana gaisuwar surukai, sai da ya naɗe babbar riga ya tsuguna ya wanke har gwiwar hannu, abokansa na tsaye suna kallon sama. Mutanen Batsari da yawa a ƙofar gidan nan suka fara jin cewa sabulu ba na ranar Juma'a kaɗai ba ne.

Ni ina da lasisin faɗin wannan, don taubashina ne. Uwarsa yayar ubana ce, shi ɗan mace ni ɗan namiji, saboda haka bawana ne, duk da ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma har ya mutu bai amince da wannan hukunci ba. Ni ina kiransa Gadina, shi yana kirana Sakarai. Sunana Garba, amma akwai jikokinsa da sai wajen zaman makoki suka san haka.

Tun yana saurayi ya tafi Kaduna, ya sami aikin gadina, wato kula da furanni da ciyawa a gidajen manya, ya yi shekara da shekaru a can. Ranar da ya dawo gida gaba ɗaya, da furfura, kayansa uku ne: akwatin ƙarfe, injin feshi na goyo, da wani buhu da ya hana kowa ya taɓa. Muka zauna a tsakar gida muna satar kallon buhun, kowa na saƙa shinkafa a ransa. Da ya kwance bakin, sai ga ciyawa da saiwarta da ƙasarta, a jiƙe, an lulluɓe ta da tsumma kamar jariri.

Na ɗaga guda na duba, na ce, "Gadina, wannan ai kirikiri ne. Ga shi can ya cika mana fadama, kullum muna tuge shi muna zaginsa."

Ya karɓe abinsa daga hannuna ya ce dangi ɗaya ne, bai musa ba, amma wannan ya yi boko.

Ya share rabin tsakar gidan, ya daidaita ƙasa, ya dasa shi tsiro ɗaya-ɗaya, ya kewaye da igiya. Damina ba ta ƙare ba wurin ya rufe, kore shar, sumul kamar darduma. Gaskiya ya yi kyau, amma ban taɓa gaya masa ba. Da rani, lokacin da kowa ke lallaɓa ruwan randa, shi yana jan guga yana shayar da ciyawa safe da yamma. Yana aske ta da langalanga, gefe-gefen kuma ya bi da almakashi yana rarrafe. Matarsa, Yaya Hajara, ta ce ita kaɗai ce a ƙasar Batsari mijinta ke noma abincin awaki kuma ya hana awaki ci. Wani tsoho daga Wagini ya zo musamman ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambayi yaushe ake girbi. Gadina ya ce ba a girbi, kallo ake yi. Tsohon ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗaga hannu ya roƙa masa lafiya, ya tafi.

Abokan gabarsa su ne tsidau da gogamasu da kashin yawo da karangiya. Yawancin lokaci da hannu da 'yar wuƙa yake binsu, don ya ce wanda ya ga tsidau uku ya ɗauko magani malalaci ne. Sai sun fi ƙarfin hannu yake feshi, kuma kafin ya yi sai duk unguwa ta sani. Zai kafa tabarau ya karanta takardar jikin kwalba daga sama har ƙasa da ƙarfi, kamar mai huɗuba, ko da ya karanta ta bara. Ya yi mana bayani har muka gaji cewa maganin iri biyu ne: akwai mai kashe masu faɗin ganye ya bar ciyawa, akwai kuma wanda muke sa wa gona kafin shuka, wanda ba ya barin komai mai kore. Awonsa da murfin awo ne, ba ya ƙara ɗigo. Mu da muke tuttula magani da ido mu ce bisimilla, ya ce mu ba manoma ba ne, masu neman kashe kai ne da ba su da gaggawa. A kulle kaji, a ɗaure awaki, a rufe rijiya da randuna, a kwashe shanya. Idan ganyen darbejiya ya motsa ko kaɗan, ya fasa, ya ce iska za ta kai wa maƙwabta. Kwalbar da ta ƙare kuwa sai ya ɗauraye ta sau uku ya juye ruwan a injin, ya huda ta da ƙusa, don ya san halin matanmu: duk abin da ke da murfi, gobe man gyaɗa ne a ciki.

Sai shigar. Rigar ruwa har ƙasa, takalman roba har gwiwa, safar hannu, takunkumi, da tabarau irin na masu walda. Wannan shigar ce ta kusa jawo masa harbi.

Lokacin ana cikin ɗar-ɗar saboda 'yan bindiga, ko tayar babur ta fashe sai kowa ya nemi hanyar gudu. Da sassafe, gari ya waye iska ba ta tashi ba, Gadina ya shirya ya fara aikinsa. Maƙwabciyarsa Tabawa, tsohuwa ce mai kiwon kaji, ta hau turmi ta leƙa katanga tana neman zakaranta. Sai ta ga wani baƙin abu ba fuska, da kaya a bayansa da dogon ƙarfe a hannu, yana takawa a hankali a tsakar gidan Isiyaku. Ta sauko daga turmin ba ta san ta sauko ba, ta fita titi ba mayafi tana cewa sun shigo. Kafin a ce haka 'yan sa-kai biyar sun cika zauren da bindigoginsu, ni ma na biyo baya da sanda, a can baya sosai, don wani ya kamata ya rage ya ba da labari.

Shugabansu ya daka tsawa ya ce ya ajiye abin da ke hannunsa ya buɗe fuska. Gadina bai ko juyo ba. Ya ci gaba da takunsa, yana danna hannun injin, don ya ce idan ka tsaya a tsakiyar layi magani yana taruwa wuri ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya juyo, ya ga ɗayansu ya tsallaka igiya ya taka inda aka fesa da silifa. Nan ne muryarsa ta fito ta cikin takunkumi.

"Kai mai silifa, fita. Idan harbi za ku yi, ku koma bayan igiya ku harbo daga can."

Suka gane muryar, suka sauke bindigogi suna 'yan dariyar kunya. Bai bar su sun tafi ba sai da mai silifa ya wanke ƙafa da sabulu sau biyu. Tabawa kuma ta yi wata guda ba ta gaishe shi ba, wai ya tsorata ta da gangan.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, tunda duk kun sani, kuna dai so ku ji daga bakina. Gadina ba ya ba da aron injinsa. Ko kallonsa ka cika yi sai ya mayar da shi ɗaki. Wata damina ciyawa ta sha kaina a gonata ta hanyar Wagini, shi kuma ya tafi ta'aziyya Runka zai kwana biyu. Na je na lallaɓi Yaya Hajara. Ta ce ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, amma makullin yana ƙarƙashin tabarmar sallarsa. Na buɗe ɗakin na ɗauko injin, na cika shi da maganin nan da ba ya barin komai, na feshe gonata tas. Da na gama na ɗan watsa masa ruwa sau ɗaya na girgiza, na goge bayansa ya yi ƙyalli, na mayar inda yake. Na koma gida ina yaba wa kaina wayo.

Shi kuwa bayan aiki yake wanke injinsa, ba kafin aiki ba, tunda a saninsa ba mai taɓawa sai shi. Ya dawo da kwana uku ya yi shigarsa ya fesa wa tsidau magani. Mako bai cika ba darduma ta fara rawaya. Kwana goma, ta bushe layi-layi, daidai yadda ya taka, kai ka ce an yi wa tsakar gidan zane. Na je na tarar da shi zaune a kan kujera yana kallon wurin, bai ci abinci ba. Na yi masa jaje da murya mai rauni. Har na ce ƙila baki ne, mutane sun cika yabawa. Ya ce baki ba ya tafiya a layi.

Ya ɗauki kwalbar ya tafi kasuwa wajen mai shagon da ya sayar masa, ya tsare shi tun hantsi har azahar yana karanta masa takardar jiki. Bawan Allah ya rantse har ya gaji. Ya dawo ya tuhumi ruwan rijiya, ya tuhumi murfin awo, ya tuhumi idonsa. Yaya Hajara ta kama bakinta, ni kuma na rage zuwa gidan.

Ranar Laraba da la'asar ina zaune a ƙofar gida da mutane, sai ga shi da injin a hannu. Ya yi sallama cikin fara'a, abin da ya kamata ya tsorata ni. Ya ce kafaɗa ke damunsa, in taimaka in goya injin ya duba ko yana yoyo ta baya. Na miƙe na zura hannuwa. Igiyoyin goyon suka zauna mini daram, kamar tela ya auna ni. Gadina siriri ne kamar karan dawa, ni kuwa kun ga yadda Allah ya yi ni. Ashe da na ɗauka na saki igiyoyin don su zagaye tumbina, na manta ban mayar ba. Ranar feshin ya ji sun yi masa sako-sako, ya ɗauka ramewa ya yi, ya ƙulle su ta baya ya ci gaba. Sai bayan ciyawar ta bushe, da ya sake ɗauko injin yana bincike ya kwance ƙullin, abin ya faɗo masa a rai.

Ya zagaya ni sau ɗaya, ya dubi mutane, ya ce, "Ku shaida, ya yi masa daidai."

Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Hukuncin da ya yanke shi ne in dasa wurin da hannuna. Kwana huɗu ina rarrafe a tsakar gidansa, ni da na tsufa ina tuge kirikiri, ina dasa kirikiri tsiro ɗaya-ɗaya, shi yana kan kujera da sanda yana nuna inda na karkace. Mutane suka riƙa shigowa kallo. Ya sa musu benci.

Kuna zaton na yi hankali. Na samo injina na kaina don kada a sake raina ni, na ce zan nuna masa feshi ba sai mutum ya yi shigar dodo ba. Na fita da tsakar rana, daga ni sai singileti da gajeren wando, ba takalmi. Injin na ɗiga a bayana, na ce sanyi ne. Bakin ya toshe, na cire na sa a bakina na hura, kamar yadda na ga kowa na yi. Na ɓare goro da hannun na ci. Kafin in iso gida duniya na juyawa, ina shiga na zube ina amai, idona na ganin mutum ɗaya biyu.

Gida ya rikice. Matata ta kawo ƙwaryar nono, maƙwabci ya kawo manja, wani ya ce a sa mini yatsa a maƙogwaro. An ɗaga kaina za a ɗura ke nan Gadina ya shigo, ban san wanda ya kira shi ba. Ya ture ƙwaryar, ya ce duk wanda ya sa mini wani abu a baki shi ya kashe ni. Ya sa aka tuɓe ni a tsakar gida, a gaban matata da surukata da ta zo wuni, aka yi ta sheƙa mini ruwa yana cuɗa ni da sabulu kamar an samo tsohuwar tukunya. Ya aika aka ɗauko kwalbar maganin daga gona ya ƙulle ta a leda. Aka tsayar da mai babur, aka sa ni a tsakiya, shi ya zauna a baya ya rungume ni. Tsoho ne a lokacin, amma riƙon da ya yi mini har yau ina jin wurin.

Tun daga ƙofar gida har asibiti bakinsa na kunnena. Ya ce jaki ma ba ya hura bakin injin feshi. Ya ce idan na mutu zai gaya wa masu ta'aziyya gaskiyar abin da ya kashe ni, ba zai ce ajali ba ne kawai. Duk lokacin da kaina ya langaɓe sai ya girgiza ni ya ce in amsa masa, in ce ni sakarai ne. Na yi ta amsawa. Daga baya na gane so yake kada in yi shiru.

A asibiti ya miƙa wa likita kwalbar kafin ma a tambaye shi. Likitan ya karanta, ya ce da kowa zai riƙa zuwa da kwalba da aikinsu ya yi sauƙi, kuma an yi dabara da ba a ɗura mini komai ba. Na kwana uku. Da na farfaɗo sosai na gan shi a gefen gado, idanunsa sun yi ja sun kumbura. Na ce, "Gadina, kuka ka yi?"

Ya ce, "Maganin da ke jikinka ne ya shiga mini ido. Wa zai yi kuka don kai?"

Shekarar da aka tayar da ƙauyukan wajen Ruma, mutane suka yi ta kwararowa cikin gari da abin da suka iya ɗauka. Wasu sun sami dangi, wasu makaranta, wasu gindin bishiya. Na je gidan Gadina da safe, na tsaya a bakin zaure na kasa shiga. Tabarmi ne shimfiɗe a kan ciyawar daga wannan gefe zuwa wancan, mata da yara sun fi a ƙirga da ido, an kafa murhu biyu a tsakiya, hayaƙi na tashi. A kusurwa wani dattijon Bafulatani ya ɗaure shanu biyu, abin da ya rage masa ke nan, suna ta kiwo hankali kwance. Yawancin mutanen nan bai san su ba. A bakin tasha ya gan su ya ce su biyo shi.

Na same shi a tsugune yana tsince karangiya da hannu, don yaran ba su da takalma. Magungunansa duk ya kwashe ya kulle a akwatin ƙarfe ya ɗora a kan rumbu, kuma tun daga ranar bai ƙara feshi a gidan ba. Na ce bari in ɗan taɓa shi. Na ce ashe dai ciyawar boko ma ciwuwa take. Ya dubi shanun ya ce su ne baƙi na farko da suka shigo gidan nan suka san darajar abin da ya shuka. Sannan ya ce idan na gama surutu, akwai buhun gero a ɗaki da ke jiran mai kai shi inji.

Sun yi wata biyar. Da suka watse, wurin ya koma fili, sai toka da ramukan turaku. Shi ma a lokacin jikin ya fara ƙi, ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi gajere. Bai daɗe a kwance ba. Ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi, Yaya Hajara na riƙe da kansa.

A wajen jana'iza na ga fuskoki da yawa da ban sani ba, wasu da ƙurar hanya har gwiwa, sun tako daga ƙauyuka a lokacin da ba kowa ke son bin hanyar ba. Dattijon nan mai shanu yana cikinsu. Ya riƙe hannuna ya ce saniyar ɗaya ta haihu, ya so ya zo ya gaya masa, bai samu ba.

Ni dai na rasa wanda zai zage ni in ji daɗi. Allah Ya jiƙan Isiyaku, Ya yafe masa kurakuransa, Ya yafe mini abin da na yi masa. Yadda ya buɗe ƙofarsa ga waɗanda ba su da wurin kwana, Allah Ya buɗe masa ta Aljanna, Ya shimfiɗa masa koren da ba ya bushewa. Ya ba Yaya Hajara haƙuri, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Amin.